Yadda Ake Haɗa Katin Kompilimentari da Hoton Gajimaren Taurari

Katin gabatar da kai, wato ɗan katin nan mai ɗauke da suna da sana'a da lambar waya wanda aka fi sani da kompilimentari, yana cikin ayyuka masu sauƙi a shagon ɗab'i matuƙar a kan farin fili aka yi shi. Da zarar an ce a ɗora masa hoton nebula, wato gajimaren taurari, aikin ya sauya, domin hoton da rabinsa duhu ne ba ya fita a takarda kamar yadda yake bayyana a allon waya ko kwamfuta. Allo daga cikinsa yake fitar da haske, takarda kuwa sai abin da hasken ɗaki ya ba ta, shi ya sa hoton da ke walƙiya a waya kan zama dunƙulen baƙi idan an buga shi. Na daɗe ina haɗa irin wannan kati ga malaman kimiyya da masu ɗaukar hoto da masu gyaran kwamfuta, kuma mafi yawan aikin a wuri biyu yake: sarrafa duhun hoton, da tabbatar da cewa ana iya karanta sunan mai katin ba tare da an kanne ido ba.

Nebula gajimare ne na iskar gas da ƙura a sararin samaniya. A cikin wasu ake haihuwar taurari, wasu kuma saura ne na tauraron da ya mutu. Iya wannan ya ishi mai haɗa kati ya sani kafin ya fara.

Kayan da za a tanada

Ana buƙatar kwamfuta mai manhajar zane. Na fi son CorelDRAW saboda ita ce mafi yawan shagunan ɗab'i a Najeriya ke aiki da ita, don haka idan aka sami matsala a wurin bugawa za a iya buɗe fayil ɗin a gyara nan take. Photoshop ta fi ta iya gyaran launi. Wanda ba shi da ɗaya daga cikinsu zai iya amfani da Krita wajen gyaran hoto da Scribus wajen jera kati, dukansu kyauta ne kuma sun san launukan ɗab'i. Wanda ba shi da kwamfuta sam zai iya yi da Canva a waya, sai dai ikonsa a kan launi zai ragu.

Sai data mai ɗan yawa don sauke hoto mai girma, da filashi don kai aiki maɗaba'a, da kwali mai santsi na giram 300 ko 350 (ma'aunin nauyin takarda ke nan), wanda galibi a wurin mai ɗab'i ake samu. Idan da hannu za a yanka, a tanadi rula ta ƙarfe da wuƙar yankan takarda mai sabuwar reza da katako mai laushin fuska da za a ɗora a kai. Rula ta roba ba ta yi, reza na cin gefenta kuma layin ya karkace. A ajiye katin cirar kuɗi na banki a kusa, domin girmansa milimita 85.6 ne a 54, kusan daidai da katin da za a haɗa, kuma da shi ake saurin gane ko rubutu ya yi ƙanƙanta.

1. Rubuta bayanan katin kafin ka taɓa hoto

Ka ɗauki takarda da biro ka rubuta abin da zai hau katin: suna, sana'a ko muƙami, lambar waya ɗaya ko biyu, da adireshin imel ko na shago. Hoton nebula yana cin wuri, saboda haka layi huɗu zuwa biyar ne iyakar abin da fuskar katin za ta ɗauka. Jerin duk ayyukan da kake yi ya koma baya. Idan katin zai tsallaka iyaka, ka sa lambar ƙasa, +234 ga Najeriya ko +227 ga Nijar, ka kuma raba lambar gida-gida don sauƙin karantawa.

2. Zaɓi hoton da zai bar wa rubutu wuri

Hotuna mafi inganci sun fito ne daga na'urorin hangen nesa guda biyu da ke sararin samaniya, wato Hubble da aka harba a 1990 da James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021. Ana samun su a shafukan esahubble.org da esawebb.org da images.nasa.gov. Hukumar ESO ta ƙasashen Turai, wadda na'urorinta ke ƙasar Cile, ita ma tana da rumbun hotuna a eso.org. Kowace nebula tana da lambar rajista, kuma da lambar ya fi kyau a nema, domin da yawa daga cikin hotunan da ke yawo a shafukan adon fuskar waya zane ne na kwamfuta, ba hoton wani abu da ke sama ba.

Ga mai koyo, ina ba da shawarar ya fara da masu siffar zobe, irin su M57 ko NGC 7293 ko NGC 3132. Dalili shi ne kowace tana zaune a tsakiyar baƙin fili, sai ka tura ta gefe guda ta cinye sulusin katin, ka bar sauran ga rubutu. M1 ma haka take, ita ce sauran tauraron da aka ga fashewarsa a shekarar 1054, wanda masanan taurari na Sin suka rubuta labarin ganinsa.

Hoton da mutane suka fi nema shi ne na NGC 3324 a yankin rukunin taurarin Karina, ɗaya daga cikin hotunan farko na James Webb da aka fitar ranar 12 ga Yuli 2022. Ƙasansa ruwan goro ne mai tudu da kwari, samansa shuɗi mai duhu, kuma a kwance yake kamar kati, don haka yana zama daidai ba tare da an yi masa dole ba. Matsalarsa taurari ne. Manyan taurari a hotunan James Webb suna fitowa da tsinkaye takwas, shida dogaye biyu gajeru, na Hubble kuwa huɗu, kuma idan tsinke ɗaya ya ratsa lambar waya zai iya mai da 1 ta zama 7 a idon mai karatu. Ginshiƙan ƙurar nan na M16, waɗanda Hubble ta ɗauka a 1995 ta sake ɗauka a 2014, James Webb kuma ta ɗauka a 2022, a tsaye suke, saboda haka sun fi dacewa da katin da aka tsara a tsaye.

M42 da ke cikin rukunin taurarin Oriyon tana da wata fa'ida dabam. Nisanta kusan tafiyar haske ta shekara 1,350 ne, kuma ana ganinta da ido a daren sanyi idan hazo bai yi yawa ba, a ƙarƙashin taurari ukun nan da ke jere, don haka mai katin zai iya nuna wa mutum ita a sama. Babban hotonta na Hubble da aka fitar a 2006 yana da fiksel 18,000 a kowane gefe, wanda ke nufin za a iya yanko katuna masu yawa daga cikinsa ba tare da biyu sun yi kama ba. Sai dai cike take da ruwan hoda da shunayya, launukan da suka fi wahalar fita a ɗab'i, shi ya sa ba na ba mai koyo ita a aikinsa na farko.

A shafin saukewa za ka ga girma iri-iri. Ka bar ƙaramin da aka yi don kallo a allo, ka kuma bar na asali mai nauyin gaske wanda zai cinye maka data, ka ɗauki babban JPEG na tsakiya.

3. Duba izinin amfani

Hotunan da ke shafukan Hubble da Webb na ESA, hukumar sararin samaniya ta Turai, da na ESO, suna ƙarƙashin lasisin CC BY 4.0, wanda ya yarda a yi amfani da su har a harkar kasuwanci bisa sharaɗin a rubuta sunan masu hoton kuma a nuna idan an yi masa gyara. Hotunan NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, galibi ba su da haƙƙin mallaka, amma ba a yarda a sa tambarin hukumar ba, ko a tsara katin ta yadda za a zaci tana goyon bayan sana'arka. Inda mutane ke faɗawa shi ne shafin APOD na hoton samaniya na kullum, domin ko da yake yana ƙarƙashin NASA, da yawan hotunansa mallakar masu ɗaukar hoto ne masu zaman kansu, kuma sai da izininsu. A ƙarƙashin kowane hoto akwai layin da ke nuna masu shi. Na NGC 3324, alal misali, shi ne "NASA, ESA, CSA, STScI". Ka kwafe layin harafi da harafi ka ajiye, zai hau bayan katin.

4. Kafa girman kati

Girman da na fi amfani da shi milimita 85 ne a 55. Akwai na Amurka mai inci 3.5 a 2, wato milimita 89 a 51, wanda wasu shaguna suka saba da shi, don haka ka tambayi mai ɗab'inka tun farko. A kan girman da ka zaɓa dole a ƙara rarar milimita 3 a kowane gefe, wadda masu ɗab'i ke kira bilid, sai hoton ya zama 91 a 61. Injin yanka ba ya sauka daidai kan layi kullum, kuma a kan kati mai duhu kuskuren rabin milimita yana barin farin zare a gefe wanda kowa zai gani. Daga ciki kuma ka ja layukan jagora milimita 4 daga bakin katin, kada wani harafi ya tsallake su.

Ana buga kati da ɗigo 300 a kowane inci, saboda haka ɓangaren hoton da za ka yanko kada ya gaza fiksel 1075 a 720. Ni nakan ɗauki ninkin haka don samun damar matsar da hoto daga baya. A CorelDRAW, ka zana akwati mai 91 a 61, ka shigar da hoton ciki da PowerClip, sannan ka danna hoton ka duba adadin ɗigon da manhajar ta nuna a ƙasan allo. Idan ya sauka ƙasa da 300 ka ja hoton da yawa, sai ka rage.

5. Yanko ɓangaren da ya dace

Kada ka yi ƙoƙarin cusa dukan hoton cikin katin. Abin da ke da kyau a faffadan allo yana cakuɗewa a fili mai girman tafin hannu. Ka nemi wurin da haske ya taru a kusurwa ɗaya ko gefe ɗaya, sauran kuma duhu ne mai natsuwa. Samaniya ba ta da sama ko ƙasa, don haka kana da 'yancin juya hoton yadda zai ba ka fili. Lokacin girmamawa ko ragewa ka ja daga kusurwa, domin idan ka ja daga gefe taurari za su zama kamar ƙwai, kuma wannan yana tona asirin aiki nan da nan. Idan wani tauraro mai haske ya faɗa daidai inda suna zai zauna, ka matsar da hoton, ko ka rufe wurin da inuwa kamar yadda za a bayyana a mataki na 7.

6. Gyara haske da launi don takarda

Nan ne aikin yake. Da farko ka rage hasken allonka zuwa kusan rabi, domin allo mai cikakken haske yana nuna maka zane-zane a cikin duhu waɗanda takarda ba za ta taɓa nunawa ba. Sannan ka buɗe ma'aunin gyaran haske ka ɗaga tsakiyar hoton, ba ƙarshen duhu ba kuma ba ƙarshen haske ba. Ni nakan ɗaga da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, har sai hoton ya zama kamar ya ɗan fi ƙarfin ido a allo. Idan ka wuce gona da iri, baƙin zai koma ruwan toka kuma ƙananan ɗigo-ɗigo za su bayyana a cikinsa, sai ka koma baya kaɗan.

Allo yana haɗa launi da haske uku, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Injin ɗab'i kuma da tawada huɗu yake aiki, sayan (shuɗi mai haske) da majenta (ja mai ruwan hoda) da rawaya da baƙi, wato CMYK, kuma akwai launukan da tawada ba ta kai wa gare su. Shuɗi mai ƙarfi yakan karkata zuwa shunayya, shunayya mai walƙiya kuma ta dushe. Ka ajiye kwafin RGB, ka juya wani kwafin zuwa CMYK, ka jera su ka ga abin da ya ɓace. Idan shuɗin ya koma shunayya, ka rage majenta a wurin. Ruwan goro da rawaya da ja suna jure wannan juyin, abin da ya sa hoton Karina ke fita da kyau ko a inji mai matsakaicin inganci.

Kada ka ji tsoron ɗan taɓa launi. James Webb da hasken infrared take ɗaukar hoto, wanda ido ba ya gani, masana ne ke ba kowane zango na hasken launinsa. Hotunan Hubble da yawa ma haka ne, inda akan ba sinadarin salfa ja, haidirojin kore, oksijin shuɗi, alhali hasken haidirojin a zahiri ja ne. Ɗan ƙarin haske don takarda bai ɓata gaskiyar hoton ba. Mai da nebula mai ruwan goro ta zama kore don ta dace da tambarin shago kuwa, a ganina, ya fita daga gyara, kuma idan an yi haka gara a cire sunanta daga katin.

Sai maganar baƙi. Tawadar baƙi ita kaɗai, K100, wato baƙi kashi ɗari cikin ɗari, tana fita kamar gawayin da aka jiƙa ya bushe idan aka shimfiɗa ta a fili mai faɗi. Baƙi mai zurfi ana haɗa shi ne da sauran tawadu, kuma haɗin da na saba da shi shi ne C60 M40 Y40 K100, wato sayan 60, majenta 40, rawaya 40, baƙi 100, jimla 240. Kada jimlar tawadu huɗun ta wuce 300 a ko'ina, domin takarda ba za ta shanye ba, katuna su manne da juna ko tawadar ta fashe wurin yanka. Kuskuren da na fi gani a aikin masu koyo shi ne su ɗora hoton nebula a gefe, su cike sauran katin da baƙin manhaja. A allo duka baƙi ne, amma a takarda baƙaƙen biyu sun bambanta, sai a ga hoton zaune cikin akwati mai kusurwa huɗu. Maganinsa shi ne a ɗebo launin daga gefen hoton da kansa da ma'aunin ɗebo launi a cike filin da shi, ko kuma, wanda ya fi, a faɗaɗa filin a cikin manhajar gyaran hoto ta yadda dukan fuskar katin za ta zama hoto guda.

Kafin ka yanke hukunci, ka tambayi mai ɗab'in wane iri yake so. Injin ofset, wanda ke bugawa da faranti ɗaya ga kowace tawada, sai da CMYK. Wasu injinan da ake kira DI, masu bugawa kai tsaye daga kwamfuta, suna karɓar RGB su juya da kansu, kuma wani lokaci nasu juyin ya fi na kwamfutarka kyau.

7. Ɗora rubutu

Rubutu fari ne ya fi fita, ko wani launi mai haske sosai da aka ɗebo daga hoton, kamar rawaya mai kusan fari. Ja a kan baƙi ko shuɗi a kan baƙi ba sa karantuwa da daddare. Ka zaɓi salon haruffa mai kauri marar ƙawa, domin farin harafi a kan baƙi mai tawada huɗu rami ne da aka bari a cikin tawadar, kuma idan faranti ɗaya ya goce kaɗan sirarran layuka sukan toshe. Da maki ake auna girman harafi: ina ba suna maki 11 zuwa 13, sana'a 8 zuwa 9, lamba da adireshi 8, kuma ba na sauka ƙasa da 7 ko mai katin ya matsa.

Idan suna ko adireshi yana da ƙ ko ɗ ko ɓ, ka duba su ɗaya bayan ɗaya, saboda salon haruffa da yawa ba su da su, sai manhajar ta aro daga wani salon harafin ya fito dabam da 'yan uwansa, ko ta sa ɗan akwati a gurbinsa. Noto Sans da Andika da Charis SIL duk suna da su kuma kyauta ne. Haka nan idan akwai rubutun Larabci ko ajami, a tabbatar haruffan sun haɗu kuma sun tafi daga dama.

Inda bayan rubutu bai yi duhu sosai ba, ka shimfiɗa baƙar inuwa tsakanin hoto da rubutu, mai ƙarfin kashi 60 zuwa 70 a ƙarƙashin haruffa, tana narkewa a hankali zuwa wajen nebula. Inuwa mai kaifin baki tana kama da faci. Bayan ka gama, ka ajiye kwafin da za a iya gyarawa, sannan a wani kwafin ka zaɓi dukan rubutu ka danna Ctrl da Q don mai da shi zane, ta yadda kwamfutar maɗaba'a ba za ta sauya maka haruffa ba.

8. Tsara bayan kati

Ina barin baya fari. Yana rage kuɗi, yana ba da wurin rubuta wani abu da biro, kuma nan ne ya dace da jerin ayyuka da lambar QR. Lambar QR ta zama baƙa a kan fari, kada ta gaza santimita 2 a kowane gefe, a bar mata farin fili kewaye. A ƙasa sai sunan nebula da layin masu hoton da ka kwafe, da maki 5 ko 6 a tawadar baƙi kaɗai, tare da kalmar da ke nuna an yanke hoton ko an gyara haskensa. Wasu sukan nemi a sa ayar Alƙur'ani mai maganar sammai da taurari. Nakan ba su haƙuri, domin kati abu ne da ke faɗuwa ƙasa, a zauna a kansa cikin aljihu, a ƙarshe a share shi da shara.

9. Jera katuna ka fitar da fayil

Takardar A3 tana ɗaukar katuna 18 masu girman 91 a 61, uku a jere sau shida. A4 tana ɗaukar takwas cikin walwala. Ka sa alamun yanka a wajen hotuna, ka kuma daidaita jerin a tsakiyar takarda don gaba da baya su haɗu. Idan kana son kowane kati ya ɗauki ɓangare dabam na nebula, nan ne za ka yi, kuma ba ya ƙara kuɗin bugawa. Amma idan bayan kowane kati ya bambanta, dole a juya jerin bayan, na dama ya koma hagu, in ba haka ba sunan wata nebula zai hau bayan hoton wata.

Ka fitar da PDF mai ingancin ɗab'i. Idan ta WhatsApp za ka tura, ka tura shi a matsayin takarda, ba hoto ba, domin manhajar tana matse hotuna kuma duhun ne ke fara lalacewa, ya zama gida-gida.

10. Buga gwaji

Ka biya kuɗin takarda ɗaya a kan ainihin kwalin da za a yi aikin da shi, a sa wa rabinta leda, wato siririyar robar da ake manna wa fuskar kati don kariya, a bar rabi. Ka yanko kati ɗaya ka duba shi a hasken rana, ka sake dubawa da daddare a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ka miƙa wa dattijo ya karanta lambar daga nisan hannu, sannan ka buga lambar a waya kana kallon katin, ba daga ka ba, ka ji ko za ta shiga. Idan hoton ya yi duhu, ka koma mataki na 6 ka ƙara haske ka sake gwaji. Kowane inji da halinsa, saboda haka gwajin da aka yi a wani shago ba ya tsaya wa wani.

11. Bugawa, leda da yanka

Ga katuna ɗari zuwa ɗari biyar, DI ya fi sauƙi da sauri. Ofset sai adadin ya kai dubbai yake biyan kuɗin faranti, kuma aikinsa mai tawada da yawa yana son a bar shi ya kwana kafin a taɓa.

Kati mai duhu yana buƙatar leda, in ba haka ba farce da makulli za su zana shi cikin mako guda. Leda mai sheƙi tana zurfafa baƙi ta fito da launi, sai dai tana riƙe shatin yatsa. Marar sheƙi ta fi kwarjini a hannu, amma tana dusar da baƙi kaɗan, don haka idan ita ka zaɓa da ita za ka yi gwaji. A lokacin hunturu ka roƙi a goge takarda kafin a shigar da ita inji, domin ƙwayar ƙura ɗaya a ƙarƙashin leda tana fitowa fili a kan baƙi. Idan ka ga ƙananan tabo masu launin azurfa, ledar ba ta kama ba, zafin injin ya yi kaɗan ko an yi sauri. Wanda ke son a iya rubutu a baya sai ya sa leda a gaba kaɗai, amma ya yi amfani da giram 350 don kada katin ya lanƙwashe.

Bayan leda ake yanka. A sa takardun banza sama da ƙasa don kada matsewar inji ta bar shati, a yanka kaɗan-kaɗan, fuskar mai duhu tana sama. Wuƙar da ta dakushe tana ɓantare gefe ta bar fari, don haka ka duba yankan farko kafin a ci gaba. Zagaye kusurwoyi da ɗan abin huda na milimita 3 yana hana su saurin tsufa.

Idan babu maɗaba'a a kusa

Shagon wanke hoto yana iya fitar da kai. Takardar hoto mai inci 4 a 6 tana ɗaukar katuna biyu, kuma da yake injinan hoto da RGB suke aiki, shuɗi da shunayya sukan fita fiye da yadda suke fita a ɗab'i. Takardar ba ta da kauri kuma bayanta na ɗauke da sunan kamfani, saboda haka sai a manna ta a kan farin kwali da gam marar ruwa, a danne da littattafai masu nauyi har ta kama, sannan a yanka.

Firintar gida mai tawadar ruwa ma tana yi a kan takardar hoto ta giram 230 zuwa 260, a shigar da ita ɗaya-ɗaya ta ƙofar baya idan firintar tana da ita. Baƙin fili yana shan tawada sosai, kuma gumin hannu yana narkar da ita idan babu leda. Wurin yanka da hannu, ka ɗora rula a kan katin ba a kan rarar ba, don idan reza ta goce ta ci rarar, ka kuma ja sau biyu ko uku a hankali maimakon dannawa sau ɗaya. Kada ka yanke har bakin takarda a zagayen farko, domin alamun yanka za su tafi tare da gefen.

Katunan da aka gama a zuba su cikin akwatin roba ko na kwali. Ɗaure su da roba mai ƙarfi yana lotsa gefen na sama da na ƙasa. A ajiye fayil uku wuri guda, wato hoton asali da kwafin da ake iya gyarawa da PDF ɗin da aka buga, a rubuta sunan shagon da nauyin kwalin da irin ledar a jikin kati ɗaya a haɗa da su, domin ranar da lamba ta sauya ko katuna suka ƙare a sake bugawa ba tare da sabon gwajin launi ba.